Sunan Da Ya Faɗo Ƙasan Jadawali

Akwai wani bawan Allah mai suna Muhyiddeen, ɗan Gusau, da yake karatun digiri na uku a fannin ƙididdiga a birnin Kuala Lumpur. Yana zaune a Pantai Dalam shi da matarsa Saudatu da 'yarsu Ummi. Mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, wannan ba na musu. Matsalarsa ɗaya ce, ya san yana da ita.

Ku da kuke gida wataƙila ba ku taɓa ganin ƙwallon Ostireliya ba. Ƙwallo ce mai siffar ƙwai, ana kama ta da hannu, a buga da ƙafa, sanduna huɗu a kowane ƙarshen fili. In za a fara wasa, alƙali ne zai cilla ta sama a tsakiya, dogaye biyu su daka tsalle, kowanne yana ƙoƙarin doke ta da yatsu zuwa hannun ɗan ƙungiyarsa. Dogon da ke wannan aiki shi ake kira rak.

A birnin akwai wata 'yar gasa ta ƙungiyoyi huɗu. Ba albashi, ba komai, sha'awa ce kawai ta tara Turawa da 'yan ƙasa da baƙi irinmu. Ƙungiyar su Muhyiddeen sunanta Helang, suna atisaye a wani fili kusa da tafkin Titiwangsa.

Wanda ya kawo shi cikin wasan kuwa shi ne Julius, ɗan Pankshin, ma'aikacin wani kamfanin kwamfuta a Bukit Jalil. Dogo ne sosai, shekarunsa talatin da tara, kuma shi ne rak ɗin Helang. A jirgin ƙasa suka haɗu, Julius ya ji shi yana Hausa a waya, ya ce masa, "Ƙanena, Asabar ka zo ka motsa jiki, karatu ba zai gudu ba."

Shi ya koya masa komai. Har wata alama suka yi tsakaninsu. In Julius ya taɓa gwiwarsa kafin tsalle, to hagu zai doka, sai Muhyiddeen ya ruga can ya cafe. Cikin shekara biyu Muhyiddeen ya zama wanda ya fi kowa taɓa ƙwallo a Helang.

Dokar gasar ita ce kowace ƙungiya sunaye ashirin take riƙewa. Ƙarshen shekara akwai makon musaya, a ba da wannan a karɓi wancan. Wanda aka sa a musaya babu mai so, to ya zauna a gida shekara guda. Kuma akwai wata al'ada da suka riƙe da kyau. Kafin a sanar da sunan mutum, mai riƙe da jerin 'yan wasa sai ya kai shi shagon mamak, irin shagunan shayin nan na Indiyawa Musulmi, ya saya masa shayi, ya faɗa masa baki da baki. Suna kiran abin shayin sallama.

Da aka ba Muhyiddeen riƙon jerin Helang, sai ya zo da jadawalinsa a kwamfuta. Kamu nawa ka yi, bugu nawa, ci nawa, duk za a tara a ba ka maki. Ya tsaya gaban 'yan wasa ya ce, "Daga yau babu sanayya. Wanda ya faɗo ƙasan jadawali shi za a sa a musaya, ko da ni ne."

Shugaban ƙungiyar, wani dattijo ɗan Ostireliya, ya ce, "Har kai?"

Ya ce, "Har ni. Lissafi ba ya ƙarya."

Saudatu ce take zama bakin fili da takarda tana ƙirga masa, kuma duk mako shi da kansa yake tura jadawalin cikin zauren WhatsApp na ƙungiya don kowa ya gani.

To, abin da malamin lissafin namu bai sa a ciki ba shi ne dukan yatsu. Rak ba ya kama ƙwallo, taɓa ta yake yi ta wuce. Don haka da shekara ta ƙare, sunan Julius ne a ƙasa, na Muhyiddeen a sama.

Saudatu ta ce masa, "Abban Ummi, ni fa da idona nake gani. Duk ƙwallon da ka kama a tsakiya daga hannun Oga Julius take fitowa."

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai ƙirga abin da na ce ki ƙirga. Sanin wurin tsayawa baiwa ce, ba kowa Allah ya ba wa ba."

Ta ce, "To, Allah ya sa haka ne." Ta ci gaba da wanke-wankenta.

Ƙungiyar Kancil ta Bukit Jalil tana da wani matashi mai suna Godspower, gwanin cin ƙwallo. Muhyiddeen ya ba da Julius ya karɓo shi, yana ta murna wai ya yi cinikin shekara.

Saura shayin sallama. Shugaba ya tuna masa, sai ya ce, "Shayin me? Oga Julius babba ne, ya ga jadawali da idonsa."

Ranar Asabar da safe ya tura sanarwa a zaure. A daidai lokacin Julius yana filin Titiwangsa. Filin ba nasu ba ne su kaɗai, don haka duk Asabar sai an kawo sandunan a kafa, an gama a cire. Shekara shida Julius ne yake ɗauko su a motarsa tun kafin kowa ya iso.

Ya kafa sanduna biyar, wayarsa ta yi ƙara. Ya karanta. Waɗanda suka fara isowa sun ce ya mayar da wayar aljihu, ya kafa sauran ukun, ya gwada su da hannu ya ga sun tsaya daidai. Ya bi kowa ya yi masa sallama, ya shiga mota ya tafi. 

Ni kam wannan wurin shi ya fi ba ni haushi a duk labarin. Mutumin da ya kawo ka, ya koya maka, ka kasa ba shi ko kofin shayi ɗaya.

Sabuwar shekara ta kama. Wasan farko, alƙali ya cilla ƙwallo, Muhyiddeen ya ruga hagu kamar yadda ya saba, ya buɗe hannu. Shiru. Sabon rak ɗin nasu yaro ne mai ƙoƙari, amma duk inda ta faɗa nan ta faɗa, shi kansa bai san inda zai doka ba.

Godspower kuwa gwani ne da gaske, amma can gaba yake tsayawa kusa da sanduna yana jiran a kawo masa. Wa zai kawo? Wani wasan sai ya riƙe ƙugu har a tashi. Ranar da abin ya ishe shi ya ce, "Oga, kun kawo ni nan in yi gadin sanduna ne?"

Mako na bin mako, sunan Muhyiddeen yana gangarowa. Na uku, na tara, na goma sha biyar. Kuma dole ya tura jadawalin da hannunsa, tunda shi ya kafa dokar. Ya ce ciwon ƙafa ne. Ya ce zafin rana ne. Har takalmi ya canza.

Ranar da suka haɗu da Kancil ya ga abin da ido. Julius ya taɓa gwiwa, ya yi tsalle, ya doka hagu, ƙwallon ta sauka daidai inda Muhyiddeen yake tsaye. Ya kama ta cikin sauƙi kamar an miƙa masa, ga shi kuma yanzu abokan hamayya ne. Sau uku haka ta faru kafin Julius ya daina taɓa gwiwar. A duk shekarar, ranar ce kaɗai Muhyiddeen ya samu makin kirki.

Da suka koma gida ya zauna. Saudatu ta ajiye masa takardar ƙirga a gabansa, ta shige kicin.

Ƙarshen shekara, sunansa ne na ashirin.

Shugaba ya kira shi gefe ya ce, "Ba na jin daɗin wannan. Amma kai ka ce ko da kai ne, kuma a kan wannan dokar muka rabu da Julius. In na ɗaga maka ƙafa, me zan ce wa sauran?"

Muhyiddeen ya ce, "Gaskiya ne. A sa sunana."

Abin da ya fi damunsa shi ne shekara ɗaya ta rage masa a ƙasar. Tallafin karatunsa zai ƙare, ya koma Gusau, kuma ya san can babu inda zai sake samun wannan wasan. In babu ƙungiyar da ta ɗauke shi, to ya buga na ƙarshe ke nan bai sani ba.

Makon musaya ya fara. Ƙungiya ta farko ta duba jadawalin da shi ya rubuta, ta ce ba ta so. Ta biyu ma haka. Kancil kuwa Muhyiddeen ko tunaninta bai yi ba, don a shekarar Julius aka ba riƙon jerinsu.

Ranar Alhamis bayan la'asar wayarsa ta yi ƙara. Julius ne.

"Ƙanena, kana gida? Sauko shagon mamak na bakin tasha."

Ya sauko. Ya tarar da Julius a zaune, kofi biyu na shayi a kan tebur, kumfa na tashi.

Suka gaisa. Julius ya tambayi Saudatu da Ummi da karatu. Sannan ya tura masa kofi ɗaya ya ce, "Sha. Mun ɗauke ka a Kancil. Mun ba Helang damarmu ta zaɓen sabon ɗan wasa na farko a baɗi. Sun so su sanar yau da safe, na ce su dakata sai na sha shayi da kai."

Muhyiddeen ya kalli kofin. Ya ce, "Oga Julius, ni ne fa. Ni na tura sunanka a waya."

"Na sani. Kuma ba zan ɓoye maka ba, ya yi mini ciwo. Ba musayar ba, wannan wasa ne, kowa ana iya musayarsa. Amma ina riƙe da sandarku a hannu na karanta, kamar wani baƙo. Na yi wata biyu ba na son jin sunanka."

"To me ya sa?"

Julius ya kurɓi shayi ya ce, "Dalili biyu. Na farko, shekara guda ina doka ƙwallo hagu, babu mai zuwa wurin. Ashe ni ma rabin aikina kai ne. Na biyu, na ɗanɗana yadda ake ji in mutum ya ga sunansa a waya. Ban so ka ɗanɗana ba."

Idon Muhyiddeen ya kawo ruwa. Ya ce, "Ka yafe mini, Yaya."

Julius ya ce, "Ya wuce. Sha shayinka kafin ya huce. Kuma Asabar ƙarfe bakwai, bayana ya fara ciwo, ina neman mai taya ni ɗaukar sanduna."

Ranar Asabar tun bakwai saura Muhyiddeen yana bakin filin Bukit Jalil yana jira. Da motar Julius ta tsaya, shi ya fara zaro sanda ya saɓa a kafaɗa. Saudatu ta zo da takardarta kamar kullum, amma an ƙara layi ɗaya a jadawalin da rubutun hannun mijinta. A saman layin ya rubuta: wanda ya ba ni.

Darasi: Kafin ka yi alfahari da abin da ya shigo hannunka, waiwaya ka ga hannun da ya turo maka shi, don ba kowane alheri ne yake shiga lissafi ba. In kuma rabuwa ta zama dole, ka zauna da mutum ka faɗa masa da bakinka, kada ya tsinci labarinsa a waya. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman duk wanda aka damƙa wa sunayen mutane a hannunsa.