Taku Bakwai Cikin Rigar Shunayya

Yau kwana shida ke nan wata riga tana ninke a kan kekena, na yanka ta amma na kasa ɗinkewa. Ɗana Mudassir ne ya kawo yadin. Ƙungiyarsu ta wasan kwaikwayo za ta yi wasa ranar Asabar a ɗakin taron garinmu, shi zai fito a matsayin wani babban mutum da ya sayar da filin makaranta. Ba a ambaci suna ba, amma irin aikin wuyan da ya ce in yi wa rigar, kowa a garin nan ya san ta wa ce. Shekaranjiya wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta ce, "Maman Mudassir, ki ja wa ɗanki kunne."

Da na yi masa maganar, sai ya zauna a bakin tabarma ya ba ni wata hikaya ta mutanen Ingila na da, wai don hankalina ya kwanta. Ni karatuna bai yi nisa ba, ban sani ba ko a littafi ya gani ko shi ya ƙaga. Ga ta dai yadda na riƙe.

A zamanin da, a wani birni na bakin kogi a ƙasar Ingila, an yi wani sarki da abu ɗaya ya hana shi sakat. Fataken ulu sun yi arziki, sun shiga sa karammiski mai launin shunayya irin na 'yan sarauta, har ta kai in an fita kasuwa ba a bambanta ɗan sarki da mai sayar da gashin tumaki. Sarki ya kira wazirinsa ya ce, "Waziri, yau na ga an cire hula an gaida mahauci, an bar ƙanena tsaye. Me ka gani?"

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ciwon da aka yi wa sassauci shi ke cin ƙafa. A yi shela: duk wanda ba jinin sarauta ba ya taka titi da rigar shunayya, a rataye shi, namiji ne ko mace, ko ɗan wane ne."

Aka yi shela. Mutum ɗaya aka ɗauke wa, shi ne ɗan wasan kwaikwayo, shi ma muddin yana cikin gidan wasa. Gidan kuwa yana ƙetaren kogi, na katako ne mai rufin ciyawa. In za a yi wasa sai a ɗaga tuta da rana, jama'a su yi ta tsallakowa a kwale-kwale. Matan manya ma sukan saci jiki su zo, fuska a rufe da baƙin ƙyalle don kada a gane su. Waziri ya tsani gidan nan, cewa yake matattarar 'yan zaman kashe wando ce.

Akwai wani ɗan wasa, Barnabi, shi ke fitowa a sarki, sanye da rigar shunayya. Uwarsa Marjori ita ke ɗinka musu tufafi. Wata rana ana tsakiyar wasa aka harba 'yar igwa don nuna isowar sarkin cikin wasan, tartsatsi ya faɗa kan rufin. Kafin a ankara wuta ta ci rabi. Mutane suka yi ƙofa, ƙofar kuwa ɗaya ce, ƙunci gare ta, aka fara tattake juna.

Barnabi ya daka tsawa da muryar nan tasa ta sarki: "Ku tsaya! Mata gaba, bibbiyu!" Ikon Allah, sai aka tsaya. Shi ya fita ƙarshe, yana janye da wata mai rufaffiyar fuska wadda bayan rigarta ya kama wuta. Ya yi taku bakwai a titi, ya tuɓe rigar shunayyar ya lulluɓe ta da ita, wutar ta mutu. Ba a rasa rai ko ɗaya ba. Amma dogaran waziri sun ƙirga takun nan, suka kama shi.

Aka kawo shi fada. Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, doka ba ta san gobara ba. In an sake shi, gobe kowane falke zai ce wuta ce ta koro shi." Malaman fada suka yi ta ja-in-ja, wani ya ce larura, wani ya ce shela ba ta ambaci larura ba. Sarki ya nisa ya ce, "Ni na yi dokar, ba zan zama farkon mai karya ta ba. Jibi da hantsi a rataye shi, sai fa in wani ya kawo abin da ban ji ba."

Ranar da za a yi, an riga an ɗaura igiya, Marjori ta kutsa ta faɗi gaban sarki.

"Allah ya ba ka nasara, ni jahila ce, allura kawai na sani. Tambaya ɗaya gare ni. Za a kashe ɗana saboda riga. Ina rigar?"

Sarki ya dubi waziri. Waziri ya ce, "Ta ɓace a hayaniya, ranka ya daɗe."

"Ba ta ɓace ba," in ji Marjori. "Kwana goma sha ɗaya na yi ina ɗinkinta, da na ga an tafi da ita sai na bi ta a guje, ban ma san an kama ɗana ba. Shi taku bakwai ya yi. Wadda ya lulluɓa kuwa ta taka titi da ita tun daga ƙofar gidan wasa har bakin kogi. Na tsaya ina kallo har kwale-kwalenta ya tsaya a matakalar wani babban gida, kuma ba gidan sarauta ba ne."

Sarki ya ce, "Gidan wa?"

"Ranka ya daɗe, 'yar wani ce, ni ma uwa ce. Ba da bakina za a ɗaura igiya ta biyu ba. A tambayi waziri dai, shi ya san doka: ita ma ta hau kanta, ko kuwa?"

Kwana uku ke nan 'yar waziri tilo na kwance da ƙuna a baya, ana ce masa kyandir ne ya faɗo mata, shi kuma bai so ya bincika ba.

Sarki ya ce, "Waziri, ana jiranka. Namiji ko mace, ko ɗan wane ne. Ba haka ka ce ba?"

Waziri ya zube ƙasa. "Allah ya huci zuciyar sarki. Shawarata ce ta yi tsauri. A saki yaron."

Sarki bai sake tambayar gidan wa ba. Ya sa aka kwance Barnabi, aka cire rataya daga dokar, ya kuma umarci waziri ya sake gina gidan wasan, da ƙofa huɗu. Bayan kwana biyu aka tsinci rigar a ƙofar Marjori, a wanke, a ninke.

Nan Mudassir ya tsaya, ya ce, "Kin gani, Umma? Gaskiya ba ta kwana a rami."

Na ce masa na gani. Amma tun daren nan nake juya abin. Marjori ta sami sarkin da ya tsaya ya ji tambayarta. Ni in an ɗauke min yaro bayan wasa, gaban wa zan je in faɗi? Kuma in na hana shi, yaran da aka sayar wa filin makaranta fa, wa zai yi maganarsu? Jiya har na ɗauki almakashi zan canza aikin wuyan, na tuna zai gane, na ajiye.

Asabar saura kwana uku. Don Allah 'yan'uwa, ku da kuka haifa, ku gaya min: in ɗinke rigar nan yadda ya ce, ko in ce masa keken ne ya lalace?