Ludayin da Tasalla Ta Ajiye

Dalilin da ya sa a garinmu ba a tambayar mai yunwa daga ina yake in kogi ya yi ɓarna, ku matso ku ji. Kai mai gyangyaɗi, gyara zama.

Da can ba haka ake yi ba. Wata shekara kogi ya cika ya tumbatsa, ya cinye gonaki da rumbuna, ya tafi da mutane. Cikin waɗanda ya ɗauke har da Nomau, autan wata tsohuwa Tasalla, wadda gidanta ke kan tudu.

Da farko Tasalla ta riƙa dama kunu a babbar tukunya tana fitarwa ƙofar gida, duk wanda ya zo ta zuba masa. Amma kun san halin ɗan Adam. Da gero ya fara ja baya, sai hannunta ya fara ƙanƙancewa. Ta ce 'yan gari kawai, ban da mutanen ƙetaren kogi. Kullum kuma takan rage ludayi ɗaya a gindin tukunya, wai na Nomau ne in ya dawo.

Rannan da hantsi wani mutum ya zo ya tsaya. Laka ta rufe shi daga kai har ƙafa, ruwa na ɗiga daga jikinsa ya ƙi tsayawa. Ga rana tana dukansa, amma babu inuwarsa a ƙasa. Ya miƙo hannu biyu.

"Kai ɗan gidan wa?" in ji Tasalla.

Mutumin ya ƙara miƙo hannuwansa.

"To in na ƙetare ne, yi gaba. Wanda ya rage da mai shi."

Ta rufe tukunya da faifai. Mutumin ya juya ya gangara. Sai da ya kai bakin ruwa ya waiwayo, muryarsa kamar ta mai magana cikin randa.

"Inna, ruwa ne ya sake ni. Ya ce in an ciyar da ni ba tambaya, in zauna. In an tambaya, in koma."

Tasalla ta suri tukunya ta bi shi da gudu, kunu na zuba a zaninta, tana kiran sunan Nomau. Kafin ta isa, ruwa ya rufe kansa. Wurin nan ni kaina ba na son faɗa, don tausayinta kama ni yake.

Shi ya sa har yau, in ambaliya ta zo, matan garinmu kan zuba wa duk hannun da aka miƙo, bakinsu gum, domin ba wadda ta san ko nata ne.