Ƙwan da Gizo Ya Sa wa Kazar Ƙoƙi

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu kunnen zomo!"

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

To, ku matso. Kai Ɗanliti, cire hannunka daga ƙwaryata, ina ganinka.

Ƙoƙi matar Gizo ce ta samu kaza wake-wake, kyautar gwaggonta. Ba ta da wani buri a duniya sai kazar nan ta cika mata gida da 'yan tsaki. Ta gina mata akurki, tana ba ta dusa, tana haƙo mata gara. Da kaza ta yi ƙwai uku ta hau kwanci, Ƙoƙi ta ɗauki gawayi ta zana kowanne, yadda muke yi don a san na ƙyanƙyasa.

Ta ce, "Maigida, mai zanen nan ba na ci ba ne. Ka taɓa, na tafi gidanmu, ka nemi mai yi maka tuwo."

Gizo ya ce, "Haba Ƙoƙi! Ni da ko ƙarnin ƙwai ba na so?"

Ƙarya yake, ja'iri, yawunsa har ƙirji.

Ƙoƙi na tafiya rafi, Gizo ya ruga daji ya sato ƙwan zabuwa, ya zana masa gawayi, ya zo akurki.

"Sannu da kwanci, Gwaggo Kaza. Ɗan ɗaga."

Kaza ta ce, "Gizo, wannan ba nawa ba ne."

"Ba ga zane ba?"

"To. Ni dai abin da aka sa mini nake ƙyanƙyashewa."

Ya ɗauke nata guda, ya soya, ya lashe baki. Ƙoƙi ta dawo ta leƙa, ta ga zane, ta yi murna.

Washegari ya sato na agwagwa, ya zana, ya musanya. Kaza ta maimaita masa maganarta, bai ji ba.

Rana ta uku ya ga wani ƙaton ƙwai binne cikin yashi a bakin kogi. Ko tambayar mai shi bai yi ba, ya ɗauko, ya zana, ya kawo akurki don ya musanya. Kaza ta dube shi, ta dubi ƙwan, ta ce, "Gizo, ka tabbata?"

"Ke dai kwanta!"

Ranar ƙyanƙyasa Ƙoƙi ta kira maƙwabta su taya ta murna. Na farko ya fashe, ɗan zabo ya fito, fit, ya yi daji.

"Maigida, wannan fa?"

"Gadon dangin uba ne."

Na biyu ya fashe, ɗan agwagwa ya faɗa kaskon ruwa, tsundum.

"Wannan kuma fa?"

"Zafi yake ji, bar shi."

Na uku ya tsage, shiru. Gizo, don a ce ba ruwansa, ya kai fuska bakin akurki yana, "Fito, ɗan tsako, fito ka ga babanka."

Caraf! Ɗan kada ya cafke masa hanci.

"Wayyo Allah! Ƙoƙi, cire shi! Na kada ne! A bakin kogi na ɗauko shi!"

Ƙoƙi ta ce, "Au, kai ka ɗauko? To nawa fa?"

Kaza ta ce, "Suna cikinsa, uwar ɗakina."

Wallahi Ƙoƙi ta ji ciwo, har da hawaye, don ta sa rai ƙwarai. Ta saɓa kazarta a hammata, ta yi gidansu, ko waiwaye babu. Gizo na tsalle da ɗan kada a hanci, sai ga uwar kada a ƙofar gida tana sallama. Da ƙyar ya fizge, ya haye rufin ɗaki, kuma can yake maƙale har yau, ba tuwo ba mata.

Kun ji dai. Wanda ya ci amanar da aka ba shi ya rufe da ƙarya, ƙaryar za ta ƙyanƙyashe, kuma shi za ta fara cizo.

Ƙungurus kan kusu. Ɗanliti, gobe na leƙa akurkina na ga babu ƙwai, hancinka zan fara dubawa.