Zalɓe Ya Je Barka Gidan Ta-Kogo

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu sha labari!

Wata tsohuwar kifanya ce a bakin teku, ana ce mata Ta-Kogo, don tun tana ƙarama ta kama wani kogon dutse, ba ta taɓa ƙaura ba. Ita ba ta yin ƙwai irin na sauran kifaye, haihuwa take yi, 'ya'ya rututu!

Rannan ta haihu. Ƙaguwa uwar gulma ta ruga wurin Zalɓe, ta ce, "Albishirinka! Ta-Kogo ta sauka, jarirai kamar gero!"

Yawun Zalɓe ya tsinke. Da ruwa ya janye, ya garzaya bakin kogon, ya ce, "Inna, barka da arziki! Fito da jariran in sa musu albarka."

Ta ce, "Haba ɗan nan! Ina ka taɓa ganin mai jego ta bi 'yan barka? Kakanka ma da ya zo, shigowa ya yi."

"Au, kin san kakana?"

"Farin sani! Shigo ka sha kunun kanwa."

Kwaɗayi ya hana shi tambayar yadda kakan ya ƙare. Ya zura kai cikin kogo. Ta-Kogo ta miƙar da ƙayoyin bayanta masu dafi, ta caka masa a wuya!

"Wayyo ni!" Zalɓe ya fizge kai, ya tashi sama, wuya a lanƙwashe, har yau kuma bai miƙe ba.

Ta leƙo ta ce, "Gai da gida! In ɗanka ya girma, turo shi barka, ina nan."

Ƙurunƙus kan kifi! Ba don Gizo ba, da kun ce na shara ƙarya.