Shirun da Kwamfuta Ta Yanke

Wata ranar Litinin da hantsi, wani mutum ya shiga situdiyo riƙe da wayarsa. A cikinta akwai waƙa guda da mahaifiyarsa, Mama Rifkatu, ta rera a zumuntar mata kafin ta rasu. Ita kaɗai ce muryarta da ta rage musu. Yana so a gyara ta domin sujadar tunawa ranar Lahadi.

Mai situdiyon ya saurara, ya yi dariya. "Yallaɓai, tsohuwar nan ba ta bin kiɗa! Kafin kowane amshi sai ta yi shiru, kiɗan tulu yana ta tafiya ba ita. Bar ni da ita, kwamfuta za ta daidaita komai."

Kwamfutar kuwa ta auna bugun tulun, ta yanke kowane shiru. Waƙar ta fito tas. Don murna, su biyun suka goge ta farkon.

Ranar Lahadi aka kunna ta a majami'a, mahaifin mutumin yana zaune a gaba. Da aka zo amshi, tsohon ya ja numfashi, ya buɗe baki. Kafin murya ta fito, waƙar ta wuce. Ya sake gwadawa a baiti na biyu, ta sake wuce shi.

Ya buga sandarsa a ƙasa. "Kashe abin nan! Ina wurina?"

"Wane wuri, Baba? Gyarawa aka yi."

"Gyarawa? Tun da fuka ta kama ni, a nan uwarka take jirana in ja numfashi mu yi amshi tare. Ko ba na wurin, takan jira. Wa ya sa ku taɓa?"

Washegari mutumin ya koma situdiyo a guje, ya roƙi a mayar da shirun. Mai situdiyon ya sunkuyar da kai. "Zan iya sa wani shirun, yallaɓai, amma ba nata ba ne."

Tsohon bai ƙara neman jin waƙar ba.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ita ce: na'ura tana iya ƙirga tsawon shiru, amma ba ta san wanda ake jira a cikinsa ba. Mu ma mukan auna mutane haka, mu ce wannan yana da nawa, wancan yana ɓata mana tsari. Ubangiji kuwa mai jinkirin fushi ne, yana jiranmu mu ja numfashi mu amsa masa. Kafin ka gyara abin da ka ɗauka kuskure ne a gidanku ko a ikkilisiya, ka tambaya tukuna: wa ake jira a nan?