Ɗaurin Da Ba A Kwance Ba

A bakin wani kogi akwai wani mai lambu wanda Allah ya ba shi hannun aurar da mangwaro. Idan ya sami ƙaramar bishiya mai tsami da zare, sai ya yanke kanta, ya tsaga, ya fiƙe reshen wata bishiya mai zaƙi ya cusa a cikin tsagin. Sa'an nan ya naɗe wurin da igiyar rama wadda ya shafa wa kakin zuma, don kada ruwa ya shiga. Bayan 'yan shekaru, gindin nan mai tsami sai ya ba da 'ya'ya masu zaƙi.

Labarinsa ya kai wata ƙasa a bayan duwatsu, tafiyar kwana biyar. Mutanen can suna da mangwaro da yawa, amma ko awaki sai sun rasa abin ci suke taɓa shi. Suka aiko suna roƙonsa ya zo ya koya musu. Shi kuwa yana da nasa lambun da iyalinsa, ga damina ta gabato, in kogi ya cika hanya takan yanke. Saboda haka ya ce zai ba su kwana ashirin. Ya yanko rassa daga bishiyoyinsa mafiya kyau, ya naɗe su a jiƙaƙƙen zane, ya kama hanya.

Suka karɓe shi da murna. Dattijon garin ya bar masa ɗakinsa. Kowace safiya maza da mata sukan taru a lambu, shi kuwa yana nuna musu yadda ake yanka, yadda ake fiƙewa, yadda ake ɗaurewa. Suka koya da himma, har suka aurar da bishiya sittin.

A ƙasar nan kuwa ba a yi wa baƙon malami tambaya, gama a ganinsu wanda ya yi tambaya ya ce malamin bai iya bayani ba ke nan. Mai lambu bai san da wannan ba. Duk yamma yakan ce, "Akwai mai tambaya?" Sai su sunkuyar da kai su ce, "Babu, Malam. Mun gode." Shi kuwa ya yi ta jin daɗi, yana cewa a ransa bai taɓa ganin masu saurin ganewa kamar waɗannan ba.

Ranar da zai tafi, ya ga awaki suna yawo kusa da sababbin bishiyoyin. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Ku tsare mini ɗaurin nan. Kada kowa ya taɓa shi."

Dattijon ya ce, "Mun ji, mun karɓa."

Abu ɗaya ne bai faɗa musu ba. Idan reshen ya kama, ya fid da sabon ganye, bayan kamar mako shida, dole ne a yanke igiyar don bishiya ta sami wurin yin kauri. Bai ɓoye musu da gangan ba. A garin da ya fito kowa ya san wannan, kamar yadda ba a ce wa mace ta sauke tukunya in abinci ya nuna. Ko kusa bai zo masa a rai ba.

Damina biyu suka wuce. Mai lambu bai manta da bishiyoyin nan ba, gama bai taɓa yin aikin da ya kai shi girma ba. Da ya sami sarari, sai ya sake kama hanya, yana tafe yana ƙiyasta tsawonsu. Ya ce yanzu kam sun wuce kan mutum.

Dattijon ya tarye shi tun daga bakin gari, fuskarsa cike da fara'a. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, amanarka tana nan yadda ka bar ta. Zo ka gani da idonka."

Da suka shiga lambu, mai lambu ya tsaya cik. Bishiyoyin sun tsumbure, ganyensu ya yi rawaya. Igiya ta nutse cikin ɓawo, sama da ƙasa sun kumbura, tsakiya ta tsuke kamar wuyan gora. Waɗansu iska ta karya su daidai wurin ɗaurin. Ya matsa ya taɓa ɗaya, sai ya ga igiyar sabuwa ce ful.

Ya ce, "Baba, wa ya ɗaura wannan?"

Dattijon ya ce, "Mu ne. Taka ta soma ruɓewa tun a damina ta fari, sai muka sake ta. Duk wata uku muna sabuntawa. Naɗi bakwai, ƙulli ta gabas, daidai yadda muka ga hannunka yana yi."

"Ba ku ga suna mutuwa ba?"

"Mun gani, Malam, har abin ya hana mu sukuni. Muka zauna muka yi shawara, muka ce lalle ɗaurinmu ne bai kai naka ƙarfi ba. Sai muka ƙara matsewa."

Mai lambu ya saki igiyar, ya kau da kai.

Dattijon ya ɗauka fushi ne, sai ya yi sauri ya ce, "Mutum ɗaya ce ta ba mu kunya, ba zan ɓoye maka ba." Ya juya wajen wata tsohuwa da take tsaye can bayan jama'a, 'yar kawunsa ce, abokiyar wasansa tun suna yara. "Fito mana, mai kunnen ƙashi, ki faɗa wa Malam da bakinki."

Ta ce, "Kai dai ja bakinka, tsoho, nawa bai mutu ba tukuna." Ta zo gaban mai lambu ta durƙusa. "Malam, na yi maka laifi. Bishiya uku aka ba ni in kula da su. Na ga ɓawonsu yana kumbura kamar yatsar da zobe ya matse. Ni kuwa na taɓa ganin yatsar 'yata a haka, sai da maƙeri ya yanke zoben. Na yi kwana uku ina zagaya su, na kasa jurewa, na ɗauko wuƙar da nake yanka kuɓewa na datse igiyar. Tun daga ranar, in an taru a kan maganar lambu ba a kirana."

Ya ce, "Inna, kai ni in gani."

Ta kai shi ƙarshen lambun. Ga bishiya uku sun wuce kansa, ganye kore shar, wurin tsagin ya warke sai ɗan tabo. Ɗaya har ta soma fure.

Mai lambu ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannuwansa, ya yi kuka. Dattijon ya matso a tsorace ya ce, "Malam, yi haƙuri. In ka ce a sare su, yau za a sare."

Ya ɗago ya ce, "Baba, ba ta yi laifi ba, ku ma ba ku yi ba. Ni ne na kashe muku bishiyoyi. Igiyar nan ta mako shida ce. Na koya muku ɗauri, ban koya muku kwancewa ba." Ya share fuska. "Ashe cikinku ba wanda ya yi tunanin ya tambaye ni har yaushe?"

Dattijon ya ce, "Ni kaina na yi tunanin. Amma a wurinmu ba a tambayar baƙon da ya zo koyarwa."

"Ni kuma na kwana ashirin a ɗakinka, ban taɓa tambayarka yadda kuke yi a wurinku ba."

Ya tashi, ya zaro wuƙarsa, ya miƙa wa dattijon.

Dattijon ya ja da baya. "Hannuna ba zai iya yanke ɗaurin Malam ba."

"Dole hannunka ne, Baba. Ni baƙo ne, zan sake tafiya. Bishiyoyin naku ne."

Tsohon ya karɓi wuƙar, ya yanke igiya ta fari. Suka bi lambun ɗaya bayan ɗaya har rana ta yi tsaka. Ban da ukun nan na tsohuwa, goma sha tara ne suka farfaɗo. Sauran sun riga sun mutu, ba abin da kukansa ya iya yi musu.

To, 'yan'uwa cikin ikilisiya, ga ma'anar misalin nan.

Kun ji a sanarwa cewa a wata mai zuwa Rabaran Zafaniya Maigari da Malama Damaris Bako za su tafi wata ƙasa su koyar na zango ɗaya a makarantar tauhidi, inda ake horar da fastoci da masu bishara. Misalin nasu ne da farko, amma ba nasu kaɗai ba.

Gindin bishiya shi ne masu bi na wannan ƙasa. Allah ya dasa su tun kafin mu san sunan garinsu, saiwoyinsu kuma sun san ƙasar fiye da kowane baƙo. Reshe mai zaƙi shi ne Maganar Allah. Ba tamu ba ce, mu ma kawo mana aka yi. Igiya kuwa ita ce duk abin da malami yake haɗawa da Maganar don ta zauna: takardun darasinsa, misalan da ya saba bayarwa, tsarin wa'azinsa, yadda ake sujada a ikilisiyarsu, har irin rigar da yake sawa a bagade. Igiya ba mugun abu ba ce. In babu ita reshe ba zai kama ba. Amma babu rai a cikinta, tana kuma da ranar yankewa.

Baƙon malami ya fi kowa shiga wannan hatsari, domin ana girmama shi ƙwarai, kuma ba ya daɗewa. Malamin da yake zaune a wuri zai ga kumburi da idonsa, ya gyara. Baƙo kuwa zai koyar wata uku ya koma gida ana yabonsa. Ɗaliban nan za su zama fastoci, su yi shekara talatin suna maimaita abin da ya yi, har da ƙullin gabas. In ikilisiyoyinsu suka soma yin rawaya, ba za su zargi malamin ba. Za su ce su ne ba su matse sosai ba. Mutanen lambun nan ba marasa biyayya ba ne. Amincinsu ne ya shaƙe bishiyoyin, alhakin kuwa yana wuyan wanda ya koyar.

Saboda haka, Rabaran da Malama, a kowane darasi ku bambanta musu a fili. Ku ce, wannan Maganar Allah ce, ku riƙe ta har mutuwa. Wannan kuwa yadda muke yi ne a gida, ku gwada, in ya matse ku ku yanke. In aji ya yi shiru, kada ku ɗauka an gane. Ku ci abinci tare da su, ku tambayi malaman ƙasar yadda ɗalibi yake nuna bai gamsu ba. In kuma kuka sami wani da ake kira mai taurin kai don ya yi abu dabam, ku je ku dubi 'ya'yan aikinsa kafin ku tsawata masa.

Mu da muka rage a gida, misalin bai tsallake mu ba. Iyaye suna ɗauri, malaman makarantar Lahadi suna ɗauri, shugabannin ƙungiyoyin zumunta ma haka. Akwai kuma igiyoyin da waɗanda suka kawo mana bishara suka ɗaura da kyakkyawar niyya, suka tafi, muna nan muna sabunta su, 'ya'yanmu kuwa suna barin sujada ɗaya bayan ɗaya. Bari kowa ya duba da addu'a, ya ga wanne ne reshe, wanne ne igiya. Kada garaje ya sa wani ya yanke reshen.

Ubangiji zai tambayi kowane mai koyarwa rayukan da aka sa a hannunsa, ba yawan darussan da ya gama ba. Duk wanda zai ɗaura, bari ya faɗi ranar kwancewa tun wuƙa tana hannunsa, gama ba kowane malami ne ake ba shi zarafin komawa ba.