Fitilun Birkin da Suka Ƙi Mutuwa

Akwai wani malamin lissafi, mutumin kirki, ko ƙuda ba ya son ya kashe. Aibinsa ɗaya ne: bakinsa bai iya furta "ban iya ba". Ni dai ba na iya fushi da irinsu, don kusan kowane gida akwai guda.

Yana da wata tsohuwar mota ruwan toka da ya yi wa 'yarsa Auta alkawari. Auta ta samu aikin jinya a wani asibiti can bayan gari, ranar Litinin za ta fara. Hanyar kuwa ta manyan motoci ce.

Saura kwana biyar, sai motar ta ɓullo da sabon hali. A kashe ta, a zare mukulli, fitilun birki na nan jajur. Kafin gari ya waye batir ya mutu murus.

Malam ya naɗe hannun riga. Ya canza ƙwayayen fitila, suna nan. Ya ari batir wurin maƙwabci, shi ma ya kwana ya mutu. Ya buɗe but ɗin bayan motar yana jan wayoyi ɗaya bayan ɗaya, har ya yanke a yatsa.

Matarsa ta ce, "Malam, ka kai wa Baba mana. Shekara arba'in fa ya yi yana gyaran wayar mota."

"Kan ɗan wannan abin zan tayar da tsoho? Bar ni da ita."

Gaskiyar magana, kunya ce ke cinsa. Ranar da zai sayi motar, surukin nasa ya ce ya tafi da shi ya duba masa. Malam ya ce ba sai ya wahala ba, ai motocin yanzu sun wuce zamaninsu. Tun daga ranar bai taɓa kai masa ita ba.

Ranar Asabar dabara ta faɗo masa. Ya lalubo fis ɗin fitilun birki ya zare, nan take suka mutu. Ya shigo gida yana goge hannu da tsumma, yana tafiyar wanda ya ci gasa.

"An wuce wajen," in ji shi.

Lahadi da hantsi sai ga Baba da sandarsa, wai ya zo yi wa jikarsa fatan alheri. Kada ku tambaye ni wa ya kira shi, ni ma ban ga komai ba.

Bayan an gaisa, ya ce wa Auta, "Ke ma'aikaciya, shiga ki taka birki in gani ko ƙafarki na kaiwa."

"Kaka, na fi ka tsawo fa."

"A bakinki. Shiga."

Ya zagaya bayan motar ya tsaya. "Taka."

"Na taka."

"Taka sosai."

"Har ƙasa, Kaka."

Ko ƙyalli babu. Baba ya aiki Auta ta dafa masa shayi, ya ce uwarta ta bi ta don kada ta cika sukari. Suka rage shi da Malam.

"Fis ka cire?" ya tambaya a hankali.

"Eh, Baba."

"Ka kashe fitila kam, amma ka toshe wa motar baki. Gobe idan yarinyar nan ta taka birki a gaban tirela, wa zai gaya wa direban ta tsaya?"

Wallahi Malam bai kawo wannan a ransa ba, shi dai batir yake ta karewa. Garin neman gira ya kusa rasa ido.

"Baba, ban san inda matsalar take ba. Kwana huɗu ina lalube."

"To ai lalube ma aiki ne. Ni bayana ya daina lanƙwasuwa, kai za ka shiga. Durƙusa wajen direba. Me ka gani a kan tabarmar taka ƙafa?"

"Wani ɓarɓashi, kamar na roba."

"Madalla. Bi ƙarfen birkin da hannu zuwa sama. Za ka ji ɗan makunni mai harshe, da wani rami a jikin ƙarfen daidai gabansa."

Malam ya cusa kai ƙarƙashin sitiyari, ƙafafu a waje, hula ta faɗi. "Na ji ramin. Ba komai a ciki."

"Nan robar take zama. In ka ɗaga ƙafa, ita ke danne harshen makunnin, fitila ta mutu. Ta tsufa ta farfashe, harshen ya faɗa rami. Motar gani take kullum kana kan birki."

Baba ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar roba da ba ta fi maɓallin riga ba. Ashe tun daga gida ya san ciwon. Malam ya danna ta a ramin har ta zauna daram, ya mayar da fis. Ya taka, fitilu suka kama. Ya saki, suka mutu.

Daidai nan matan suka fito da shayi. Baba ya ce wa 'yarsa, "Mijinki ya gyara mota. Ni kallo na yi."

Da Malam ya yi shiru, da magana ta wuce a haka. Amma ya miƙe, gwiwar wandonsa duk ƙasa, ya dubi Auta.

"Ba haka ba ne. Fis na cire jiya, na kusa tura ki titi babu fitilar birki. Kakanki ne ya gano. Ki yafe mini." Ya juya. "Baba, kai ma ka yafe mini maganar da na faɗa maka ranar sayen motar nan."

Baba ya kurɓi shayi. "Wace magana? Ni tsufa ya sa ba na riƙe komai. Ke kuma, na ce kada ki cika sukari."

Litinin da safe Malam ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon Auta ta hau titi. Wata motar yashi ta biyo bayanta. A mahaɗa ta taka birki, fitilu biyu suka yi ja, motar yashin ta rage gudu ta tsaya nesa da ita. Malam ya daɗe a tsaye yana share ido, matarsa kuma ta yi kamar ba ta gani ba.

Darasi: Kashe alamar matsala ba gyara ba ne, kuma girman kanka na iya jawo wa wanda ka fi so bala'i. In ba ka sani ba ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. In kuma kai aka tambaya, ka gyara ba tare da ka kunyata mutum ba. Ku tura wa masu mota na gidanku, har da wanda ba ya son a gaya masa.